Ni da Libarbar Abu Nayif

Tun da na dawo daga Riyad, babu ranar da zan zauna a gindin dalbejiyar garejinmu ba a ce mini, "Malam Garba, ba mu labarin ƙasar Larabawa mana." Sai in ba su na tituna da dogayen gine-gine da shinkafa, in ja bakina. Alhaji Ɗanlami mai walda ne ya fara lura. Ya ce, "Kai da ka yi kwana uku a Legas muka yi wata guda muna shan labari, yanzu ka yi wata ɗaya da rabi a Saudiyya, labarin bai kai a shanye kofin shayi ba? Akwai abin da ka baro a can." Ya yi gaskiya. To ga shi na rubuta, don bakina ba zai iya faɗarsa ido da ido ba. Wanda ya karanta ya yi dariyarsa inda ba na gani.

Ga wanda bai san ni ba, ni bakaniken tarakta ne a Ningi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maƙeri ne, kuma maharban yankinmu wajensa suke kawo adakarsu idan ta ƙi tashi. Na yi masa zuga ina yaro, na riƙe masa ƙarfe, amma bai taɓa barina na sa magagari a jikin kunamar bindiga ba. Da aiki ya zo nan wajen sai ya aike ni ɗebo gawayi. Harbi kuwa sau biyu na taɓa yi a rayuwata, duka a kan zabi, kuma duka zabin sun tashi lafiya lau.

Ƙanena Mansur injiniya ne a wani kamfanin ruwa a Riyad. Ni na riƙe shi bayan rasuwar Baba har ya gama karatu. Shi ya aiko mini da bizar ziyara, ya ce dole in zo in ga inda wahalata ta kai shi.

Na bar Ningi da sabuwar shadda ruwan toka. Ba mu kai Birnin Kudu ba motar hayar ta fara tari, ta mutu a gefen titi. Direba ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon inji kamar yau suka fara haɗuwa. Ni kuwa ba na iya ganin ƙarfe yana ciwo in wuce. Na naɗe hannun riga, na busa bututun mai, na ɗaure wata waya da ta saki, mota ta tashi. Wata tsohuwa ta yi ta sa mini albarka har Wudil, wani fasinja ya ce irinmu ne ya kamata a kai Turai. Na isa Kano da baƙin mai a hannun shadda, kaina kuma ya kumbura fiye da jakata.

Mun yada zango a Alƙahira, muka sauka Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da hantsi. A nan na fara ganin ta kaina. Jami'in shige da fice, wani saurayi mai gyararren gemu, ya ce in ɗora yatsuna a kan gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Shekara da shekaru na sifana da baƙin mai sun share zanen yatsun nawa. Layi ya tsaya a bayana, ana ta tsaki da harsuna iri-iri. Daga ƙarshe ya ciro man shafawa daga aljihun teburinsa ya matsa mini a tafi, na murtsuke, sannan aka samu. A wajen kwastan kuma aka buɗe ƙullin daddawar da uwargidana ta ba ni in kai wa matar Mansur. Jami'in ya ja da baya har taku biyu, ya toshe hanci da gefen ɗankwalin kansa. Na ce masa, "Miya, miya," ina nuna baki. Ya yi mini alama da hannu in kwashe in tafi, ko ragowar kayan bai duba ba.

Gidan Mansur a unguwar Malaz yake, hawa na uku a wani tsohon bene. Babu tsakar gida, babu zaure, babu dakalin zama. Ƙofar maƙwabcinsu tana kallon tasu, amma sai da na yi mako guda ban ga fuskarsa ba. A Ningi in ka yi baƙo daga Kano ma unguwa ce za ta zo sannu da zuwa. Rahma, matar Mansur, ta yi iya ƙoƙarinta, yau tuwon semo miyar kuka, gobe kabsa, wato shinkafarsu mai kayan ƙanshi da rabin kaza a kai. 'Ya'yansu kuwa Larabci ya fi musu sauƙi. Ranar farko babbar ta rungume ni tana cewa, "Ammi, Ammi," na waiga ina neman uwarta, ashe baffa take nufi.

Mansur yakan fita da sassafe, ba ya dawowa sai la'asar. Cikin kwana goma na gyara duk famfon gidan, da ƙofar banɗaki, da injin wanki da lafiyarsa ƙalau. Daga nan sai zama. A gida in na bi titi, ta ko'ina "Malam Garba" ake yi. A can ba ni da suna. A masallaci ma 'yan Nijeriyar da muke gaisawa da su "yayan Injiniya" suke ce mini. Ban san abin yana cina ba sai daga baya.

Wata Juma'a maigidan Mansur a wajen aiki ya gayyace mu cin abincin rana. Abu Nayif ake ce masa, dattijo mai ƙiba kaɗan, furfura ta cinye gemunsa, ba ya magana da ƙarfi. A hanya Mansur ya gaya mini cewa mutumin nan ne ke sa hannu a sabunta kwantiraginsa, kuma ikamarsa, wato takardar izinin zama, a kan kwantiragin take rataye. Saura wata biyu a sabunta.

Ɗakin baƙinsa ya fi masallacin unguwarmu girma, maza sun kai goma sha biyu a jingine da matasai. Aka fara zagayawa da gahawa a wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna. Ina shanyewa ina miƙawa, ana sake zubawa. Sai da na sha bakwai, zuciyata ta fara bugawa kamar injin niƙa, sannan Mansur ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Aka yi dariya, ta mutunci ce, amma ta sosa ni. Aka kira ni Abu Sadik, da sunan babban ɗana, kamar yadda suke yi.

Bangon ɗakin duk ƙahonni ne da hotunan farauta. Abu Nayif ya tambayi sana'ata. Da na ce bakanike na tsaya, da yanzu ba na wannan rubutu. Sai na ce wa Mansur, "Gaya masa mu gidan maƙeran bindiga ne, kaka da kakanni."

Mansur ya fassara. Nan take ɗakin ya juyo gare ni. Abu Nayif ya gyara zama, ya ciro waya ya nuna mini hoton ɓauna, ya ce shi da abokansa za su je wata ƙasa a kudancin Afirka farautarta, kuma shi burinsa ya harbe ta da libarba, ba da doguwar bindiga ba. Ya tambaya ko na taɓa harbin irinta.

Na ce, "Biyu."

Mansur ya dube ni. "Yaya, biyu me?"

"Ɓauna mana. Fassara."

Ya sunkuyar da kai ya ƙi fassarawa. Sai na ɗaga yatsu biyu na nuna hoton, ba a ma buƙaci fassara ba. Aka ɗauki "Masha Allah" ta kowane gefe. Da aka kawo faranti, Abu Nayif da hannunsa ya yago naman kafaɗar rago ya tura gabana. Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun ina Birnin Kudu.

Bayan kwana uku Abu Nayif ya zo har Malaz ya ɗauke mu zuwa wani baje-kolin kayan farauta a arewa da gari. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ga shahuna an rufe musu kai da 'yar hular fata ana cinikinsu kamar shanu, ga karnukan farauta masu siririn ciki, ga tantuna. A wajenmu bindiga a rufin ɗaki take kwana, a naɗe da tsumma. A can a cikin gilashi take kamar agogo, har mata da 'ya'yansu suna tsayawa kallo. Baƙo dai kallo ne nasa. Saye sai ɗan ƙasa, shi ma sai an duba takardunsa.

Mai shagon ya shimfiɗa ƙyalle ya jera libarba uku. Duka irin waɗanda ba sa tashi sai ka ja 'yar gudumar da ke bayansu da babban yatsa, ka ɗana, sannan ka taɓa kunama, kuma kowane harbi sai ka sake ɗanawa. Ya ba da shawarar ta tsakiya, ya ce babbar tana da mugun duka a hannu. Abu Nayif ya juyo ya ce, "Abu Sadik, me ka gani?"

Ban ga komai ba. Na ɗauki babbar, nauyinta ya kusa saukar mini da hannu. Harsashinta ya kai kaurin babban yatsana. Na juya ta, na ƙwanƙwasa, na kanne ido ɗaya na leƙa cikin bakinta kamar yadda nake ganin Baba yana yi. Na ce, "Wannan." Ita ya saya.

Da takardu suka fito, muka tafi gidan hutunsa na bayan gari, abin da suke kira istiraha. Fili ne mai katanga, da bishiyoyin dabino, da raƙuma huɗu, da tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. Mai kula da wurin wani dattijo ne Basudane, Usman, gadonsa na igiya yana ƙarƙashin tankin don nan ne inuwa. A can ƙarshen fili an tara tudun ƙasa an kafa allo. Abu Nayif ya ba mu abin toshe kunne, ya riƙe ta da hannu biyu ya harba. Duk da toshewar sai da na ji ƙarar a haƙorana. Ya yi biyar, ɗaya ce ta taɓa gefen allon. Ya miƙo mini, na ce kafaɗata tana ciwo tun ɗaukar kaya a filin jirgi.

Ya ce kunamar ta yi tauri, kafin ta saki hannunsa ya riga ya kauce. Shagon suna da mai gyara na musamman mai lasisi, amma layinsa ya kai mako uku, tafiyarsu kuma saura kwana goma sha shida.

Na ji bakina yana cewa, "Wannan ai aikin rabin yini ne."

A mota Mansur bai tayar da inji ba. Ya riƙe sitiyari ya ce, "Yaya, don girman Allah kada ka taɓa bindigar nan. Nan ba gida ba ne. Kai baƙo ne, ba ka da izinin ko sassauta mata ƙusa. In wani abu ya faru, ni da Rahma da yaran nan jirgi za a sa mu, in ma an tsaya a nan ke nan."

Na ce, "Kai yanzu har ka yi girman da za ka koya mini ƙarfe? Wa ya fara sa maka sifana a hannu?"

"Kai ne, Yaya. Amma Baba bai koya maka wannan ba, ni da kai mun sani."

"To na ji, Injiniya. Ja mota."

Ya ja.

Washegari na hau tasi ni kaɗai zuwa Dira, tsohon cikin gari. Na wuce ta gaban ganuwar Masmak, ginin ƙasa ne kamar namu, sai dai nasu an shafe shi tas. Na ratsa kasuwar turaren wuta da darduma har na sami wani ɗan shagon kayan aiki na wani mutumin ƙasar Yaman. Na zaɓi ƙananan magagarai uku da samfefa mai laushi. Ya tambaye ni da hannu me zan goge. Na ciro makullin gida na nuna masa.

Bindigar ba ta barin istiraha, don haka can aka kai ni da safe aka bar ni da Usman. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur na kwance ta. Ina buɗewa na ga ba irin wadda na sani ba ce. Cikin adaka ƙarfe uku ne ko huɗu, kowanne ka san aikinsa da ganinsa. Wannan kuwa kamar cikin agogo, komai sumul yana ƙyalli, ga sifirin siriri kamar gashi. Sai da na riƙa ɗaukar hoto da waya don kada in manta mazaunin kowanne. A nan ya kamata in mayar in ɗaure, in ce ba ni da kayan aikin da suka dace. Babu wanda zai zarge ni. Amma na tuna "Masha Allah" ɗin ɗakin baƙi, na ɗauki magagari.

Wajen da kunama ke riƙe guduma bai fi ƙwayar gero ba. Na goga, na haɗa, na gwada ba harsashi. Ta yi sauƙi kaɗan. Na sake kwancewa na ƙara. A karo na uku ta yi laushi har na yi murmushi ni kaɗai. Na ɗana ta na ajiye a tebur, na miƙe zan karɓi shayin da Usman ya kawo, gwiwata ta bugi ƙafar teburin. Sai na ji "ƙyas". Gudumar ta faɗa da kanta, ba wanda ya taɓa kunama.

Na gani da idona. Na sake ɗanawa na bugi teburin, ba ta faɗa ba. Na sake, ba ta faɗa ba. Sai na ce wa kaina ban ɗana ta sosai ba ne da farko. Na goge ta da mai, na mayar cikin akwati, na sha shayina.

Bayan la'asar Abu Nayif ya iso tare da Mansur. Ya gwada ta ba harsashi, ya gyaɗa kai. Sannan ya sa harsashi ɗaya tak, ya rufe kwalin sauran. Ya ce ni da Mansur mu koma bayan motarsa. Har na ɗan ji haushi, a raina na ce wanda ya yi aiki shi ake kora. Ya tsaya, ya ɗana, ya fara ɗaga ta da hannu ɗaya, bai kai ga ɗora na biyun ba.

Ta tashi.

Da yake bai riƙe ta da ƙarfi ba, sai ta yi sama ta dawo masa a fuska. Na ga ɗankwalinsa ya faɗi, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa, jini ya rufe masa ido ɗaya yana sauka a farar rigarsa. Raƙuma suka ruɗe. Sai kuma muka ji shaa, kamar ruwan sama. Harsashin ya kauce ya fasa ƙasan tanki, ruwa yana zuba a kan gadon Usman. Minti biyu kafin nan yana kwance a kai. Ya tashi ne ya ɗora mana wani shayin.

Mansur ne ya cire rigarsa ya danne raunin. Ni ina tsaye a bayan mota ina kallo.

A asibiti aka yi masa ɗinki shida a girar hagu, likita ya ce da ya sauko kaɗan da idon ya tafi. Wani ɗan sanda ya zo da takarda yana tambaya. Abu Nayif ya nuna lasisinsa, ya ce bindigarsa ce, a gonarsa, hannunsa ne ya kuskure, mu kuwa baƙinsa ne da suka kawo shi. Ɗan sandan ya rubuta ya tafi.

Kwana uku ban fita daga ɗaki ba sai salla. Rahma takan ajiye abinci a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ga shi nan," in ce na gode. Mansur yana gaishe ni safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, ba ƙari. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Rana ta huɗu Abu Nayif ya kira ya ce zai kai bindigar wajen mai gyara. Na ce wa Mansur sai na bi su. Mai gyaran wani tsoho ne ɗan Pakistan, Usta Bashir, usta kuwa gwani ke nan a wajensu, gemunsa ja da lalle. Ya kwance ta cikin ɗan lokaci, ya ɗauko ƙarfen da na goge ya sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fara faɗa da Larabcinsa mai kaushi, mutanen shagon suka juyo.

Na ce wa Mansur, "Me yake cewa?"

Ya ce, "Kana son fassara? To. Ya ce wanda ya yi wannan bai san komai ba, kuma bai san bai sani ba. Ya ce wannan ba gyara ba ne, tarko ne aka haɗa wa mutum. Ya ce a gaya masa ko wane ne, don dole ya rubuta."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma Abu Nayif ya riga ni. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ana." Wannan ko ni na gane. Ya ce shi ne, bidiyo ya kalla a waya ya ga kamar zai iya.

Usta Bashir ya wanke shi tas, a gaban yaran shago da masu saye. Ya ce mutum da furfurarsa, da jikokinsa, ya zauna yana wasa da ransa kamar yaro. Abu Nayif yana tsaye da bandeji a fuska, ido a kumbure, yana cewa, "Sah, sah, ya Usta," wato haka ne. Da tsohon ya gama, sai ya dubi hannuwan Abu Nayif, masu laushi, hannun ofis. Ya dubi nawa. Ya ɗauki lalataccen ƙarfen ya miƙo mini ta saman teburin shagon. Na karɓa. Ya ce sabo sai an yi odarsa daga ƙasar da aka ƙera bindigar, wata biyu ko fiye.

A hanyar komawa na ce wa Mansur, "Mutumin nan bai san ƙarya na yi masa ba, shi ya sa yake kare ni."

Mansur ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ce, "Yaya, ya sani. Ranar da ka tafi Dira na shiga ofishinsa na gaya masa komai, har zabin. Ya yi dariya ya ce ai tun a shago ya gane, tun da ka sa idonka a bakin bindiga ba ka duba ko da harsashi a ciki ba."

"To me ya sa ya bar ni na taɓa?"

"Haka na tambaye shi. Ya ce kai yayana ne, kai ka rene ni, kuma ka yi magana a ɗakinsa a gaban mutane. In ya karɓe daga hannunka ya tozarta ka a gabana. Ya ce zai bar ka ka ɗan taɓa, ya gwada da kansa da harsashi ɗaya, ya ce maka aiki ya yi kyau, sannan ya kai wa Usta ba tare da ka sani ba. Bai zaci za ka ci ƙarfen haka ba."

Motoci suna ta wucewa. Ni da na shekara hamsin da biyu, a gaban yaron da na yi wa wanka, na rufe fuska da hula.

Juma'ar ƙarshe kafin in taho, na sa Mansur ya kai ni ɗakin baƙin nan. Mutanen ranar farko kusan duk suna nan. Bayan gahawa na miƙe tsaye na ce wa Mansur ya fassara, kada ya rage ko kalma. Na ce ban taɓa harbin ɓauna ba, ban taɓa gyara bindiga ba, ni bakaniken tarakta ne, kuma ni na lalata libarbar. Abu Nayif yana ta ɗaga hannu yana cewa, "Bas, bas, basita," wato ya isa, ƙaramin abu ne. Na ce da saura. Na faɗi yadda gudumar ta faɗa da kanta a kan tebur, na gani, na yi shiru na mayar da ita akwati.

Wannan Mansur ma bai sani ba. Ya tsaya a tsakiyar fassarar ya dube ni, sannan ya ƙarasa. Murmushin Abu Nayif ya ɗauke. Ya daɗe yana juya kofi a hannunsa. Can ya ce, "Laifin ƙarya da na gira, na yafe tun a asibiti. Ni ma da laifina a ciki. Wannan na ƙarshen kuwa ba nawa ba ne. Usman za ka je ka gaya wa."

Muka tafi a ranar. Mun tarar da shi yana ba raƙuma ciyawa, an toshe tankin da walda, gadon nasa kuma ya mayar da shi can gindin katanga. Ya saurari Mansur har ƙarshe, ciyawa a hannunsa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce 'ya'yansa biyar a ƙasarsu, ga yaƙi, ba su da kowa sai shi. Ya faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa yatsu. Sannan ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya juya wajen raƙumansa. Bai ce mu zauna shan shayi ba.

Na taho ranar Litinin. A filin jirgi Mansur ya riƙe mini jaka har bakin inda ake tsayar da masu rakiya, ya ce, "Yaya, ka gaida gida," muka rungumi juna. An sabunta masa kwantiragi, yana can da iyalinsa lafiya. Abokan Abu Nayif sun tafi farautarsu ba shi.

Yanzu duk Salla sai ya turo mini gaisuwa ta waya, da hotonsa a cikin jikokinsa, kowa da fararen kaya, yana dariya. Mansur ya ce haka yake tura wa duk wanda ya taɓa cin abinci a gidansa, ba da wata manufa ba. Na yarda. Amma girar hagun ta rabu biyu, gashi bai sake fitowa a wajen ba, kuma duk yawan mutanen da ke cikin hoton, nan idona yake fara sauka.